Yadda Ake Kula da Batirin Sola da Tsara Aikin Yini a Gidan Gona

Duk wanda ke zaune a gidan gona, ko a ƙauyen da turakun wuta ba su iso ba, ya san cewa a cikin kayan sola batir ne ya fi cin kuɗi, kuma shi ne ke riga sauran mutuwa. Allunan sola sukan yi shekara ashirin suna aiki. Batir mai ruwa kuwa, dogon nan da ake kira tubula, yakan kai shekara huɗu ko biyar a hannun mai kula, a hannun wani kuma ya mutu bai cika biyu ba, alhali a shago ɗaya suka saya. Abu biyu ne ke raba su: ko batirin yana cika kowace rana, da kuma ko ana zuƙe shi ya wuce rabi da dare. Duk abin da ke tafe, har da lokacin da za a ja ruwa ko a yi guga, hidimar waɗannan biyun ce.

Zan fi magana a kan batir mai ruwa na bolt 12 mai 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa), don shi ya fi yawa a gidajenmu. Mai litiyam zai samu nasa bayanin a gaba.

Kayan da za ka tanada

- Mitar hannu mai nuna lamba, ta auna bolt. Ba a yin aikin nan sai da ita. Sandunan da ke fuskar inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ƙiyasi ne kawai, kada ka dogara da su.
- Haidiromita, wato ma'aunin kaurin ruwan batir. Dogon gilashi ne mai robar matsawa a kai. In ba ka samu ba, mita za ta riƙe ka.
- Tataccen ruwa, wato wanda aka tara daga tururi, lita biyar, da mazurarin roba.
- Tabarau mai rufe gefen ido, safar hannu ta roba, da tsohuwar riga, don ɗigo ɗaya na ruwan batir yana huda yadi.
- Sifana daidai notin batirinka. Naɗe jikinta da baƙin salatif, bakin kawai za ka bari.
- Bekin soda ko kanwa, tsohon burushin haƙori, man basilin, tsumma.
- Soso mai laushi ɗaure a gora, da bokiti.
- Littafi da biro. Rataye su a bangon ɗakin batir.

1. Gyara wurin zaman batir

Zafi ne babban maƙiyinsa a ƙasarmu. An ƙera batir ne don ya yi aiki a ma'aunin zafi 25, kuma ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana raba tsawon rayuwarsa biyu. To ka duba ɗakin kwano mara silin a watan Afrilu, lokacin da ko inuwa takan wuce 40. Idan kana da ɗakin ƙasa mai rufin soro, shi ya fi dacewa. In kwano ne dole, sa silin, ka buɗe taga biyu masu kallon juna, ka sa musu raga.

Iskar ba don sanyi kaɗai ba ce. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin idan yana caji, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta ta fashe. Saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko madafi, ba a shiga wurinsa da sigari, ashana, aci-balbal ko kaskon turare. Sa wa ƙofar kwaɗo saboda yara.

Ɗora baturan a kan benci, ka bar faɗin yatsa biyu tsakaninsu. In na katako ne riƙa duba ƙafafunsa saboda gara. Inbata da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin da ke zuwa daga alluna, a kafe su a bango daga gefe, kada su kasance a saman batir, tururinsa yana cin kayan cikinsu. Ka kuma riƙa leƙa ramukan shan iskar inbata. Zanzaro yana son yin ginin laka a nan, sai fankar ciki ta tsaya, inbata ta yi ta zafi ba ka san dalili ba.

2. San abin da ke hannunka

Wannan ne lissafin da mutane ke gudu, kuma minti biyar ne. Ka ninka bolt da Ah: 12 sau 200 ya ba ka wat-awa 2,400. Rabi ne naka, wato 1,200. Ɗayan rabin ba a taɓa shi. Idan batir biyu ka haɗa a jere suka ba da bolt 24, rabonka na dare 2,400.

Yanzu ka ƙirga abin da ke kunne daga faɗuwar rana zuwa hantsi, kana ninka wat ɗin kowane abu da awannin da yake yi. Fankar sama biyu masu wat 70, awa tara: 1,260. Ƙwan fitila shida masu wat 7, awa biyar: 210. Talabijin mai wat 60, awa uku: 180. Ita kanta inbata, ko ba a jona mata komai ba, tana iya shan wat 30, a awa goma sha uku 390 ke nan. Jimla 2,040, ɗan abin da ya rage kuma yana tafiya wajen juya wutar. Ka ga rabon ya ƙare ba a ma zo kan firiza ba.

A nan za ka gane inda wutar ke zurarewa. Sauya waɗancan fankoki da masu aiki da wutar batir kai tsaye, masu wat 20, sai 1,260 ya koma 360. A ganina babu kuɗin da mai sola zai kashe ya ga amfaninsa kamar wannan, ya fi ƙara batir na uku nesa ba kusa ba.

Idan kana da injin ƙyanƙyasar ƙwai, shi za ka fara cirewa a lissafin kafin komai, domin kwana 21 yake buƙata ba yankewa. Fanka da talabijin su raba abin da ya rage.

3. Awon asuba

Idan ka tashi sallar asuba, kashe inbata kafin ka fita. In ka dawo batir ya ɗan huta, rana kuma ba ta fara caji ba, sai ka ɗora mita a kawunansa, jar waya a kan +, baƙa a kan −. Awon da aka yi ana caji ko ana jan wuta ba ya faɗin gaskiya.

Batir ɗaya na bolt 12 da ya huta, in ya nuna 12.6 zuwa 12.7 a cike yake. 12.4 saura kashi uku cikin huɗu. 12.2 rabi, nan ne iyakarka. 12.0 an yi masa zurfi, ƙasa da haka kuma cuta ce. Mai bolt 24 ya ninka lambobin biyu, mai 48 ya ninka huɗu. Rubuta kwanan wata da lambar a littafi. Bayan mako biyu littafin zai nuna maka ko gidanka yana cin abin da ya fi ƙarfin batir. Idan kullum kana wayar gari a ƙasa da 12.2, rage kayan dare tun yau.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin wuta har sai inbata ta yi kuka ta kashe kanta. Da yawa daga cikinsu sai batir ya sauka wajen 10.5 suke yankewa, a lokacin kuwa an riga an yi ɓarnar. In taka tana karɓar saiti, mayar da wurin yankewar kusa da 11.8 ga kowane batir.

Sau ɗaya a mako auna kowane batir shi kaɗai, ba jimla ba. Idan ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa da fiye da 0.2 ko 0.3, akwai magana, ka duba mataki na 8.

4. Mayar da aikin gida kan rana

Wannan matakin ya fi kowane muhimmanci, kuma ba na maigida shi kaɗai ba ne. Zauna da uwargida da manyan yara ku yi magana ɗaya, don su ne a gida lokacin da ake kunna abubuwa.

Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe sha ɗaya, wutar ta batir ce. Yana jin yunwa, yana shanye duk abin da alluna suka bayar, a ƙyale shi. Wannan ne lokacin aikin da ba ya son wuta: buɗe akurki, ba kaji da awaki abinci, wanke mazubin ruwansu, share garke, ban ruwan lambu daga abin da ya kwana a tanki. Firiza kaɗai za a iya kunnawa da hantsi.

Daga sha ɗaya zuwa bayan azahar batir ya kusa cika, ba ya iya karɓar duk abin da ke saukowa, kwantirola ma rage masa take yi. Wannan rarar in ba ka yi amfani da ita ba ta tafi a banza. To a nan ake kunna injin jan ruwa a cika tanki, a yi markaɗe, a yi guga, a yi ɗinki, a jona wayoyi da tocila da fankar caji, har na maƙwabta. Sharaɗi ɗaya ne: babban kaya ɗaya a lokaci ɗaya. Injin ruwa yana fizgar wuta ninki-ninki a daidai lokacin tashinsa, idan ya haɗu da dutsen guga inbata za ta yanke. A gama jan ruwa tukuna, sannan guga. Ka sa tankin ya zama mai ɗaukar ruwan kwana biyu, don ranar da hadari ya rufe kada a tilasta wa batir jan ruwa.

Da la'asar sakaliya a sauke manyan kaya. Kafin magariba leƙa kwantirola ka ga ko ta nuna batir ya cika. Firiza mai buɗewa ta sama, in ka jera gorunan ruwa a gindinta suka daskare da rana, za ta riƙe sanyi har gari ya waye a kashe, muddin ba a yi ta buɗe ta ba. Amma in kana ajiye allurar rigakafin dabbobi, wannan sanyi take so mara yankewa, ba kuma daskarewa ba, sai ka sa firjinta a lissafin dare.

Dutsen guga mai wat 1,000 a awa ɗaya zai cinye kusan rabin rabon daren gaba ɗaya. Wanda kayansa suka matsa da dare ya hura gawayi. Hita, butar lantarki da risho na wuta kuwa ba su da wuri a gidan da ke kan batir biyu, ko da rana. Kafin a kwanta a kashe talabijin da dikoda daga soket, kuma daren da ake sanyi ba a buƙatar fanka, a kashe inbatar dungurungum.

5. Wanke alluna

Da hunturu ka ja yatsa a kan allo da safe, za ka ga layi baƙi a tsakiyar jar ƙura. Wannan ƙurar ce ke hana batir cika, mutum ya yi ta zargin batir. Daga Nuwamba zuwa Maris a wanke sau biyu a mako, sauran shekara sau ɗaya ya isa, da damina ma ruwan sama yakan ɗauke maka. Da sassafe ake yi ko da yamma, ba a watsa ruwan sanyi a gilashin da ya ɗauki zafin rana. Fara zuba ruwa ya kwashe yashin kafin soso ya taɓa, in ba haka ba za ka karce gilashin. Ba a sa omo, ba a sa soson ƙarfe, ba a taka allo. Kashin tsuntsu a cire shi ranar da aka gan shi, don inuwar wuri ɗaya tana rage wutar layi guda, wurin kuma ya yi ta zafi. Haka reshen darbejiya da ya fara leƙowa, a sare.

A wajenmu alluna kudu suke kallo, da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15. Wanda aka shimfiɗa kwance ƙura da ruwa suna kwana a kai.

6. Ƙara ruwa

Batir na bolt 12 ɗakuna shida gare shi, kowanne da murfinsa. A yawancin tubula murfin yana da ɗan tsinke a cikin roba mai gani-har-hanji, da zane kore a sama da ja a ƙasa. Idan tsinken ya doshi ja, lokaci ya yi. Da bazara duba duk mako biyu, sauran lokuta wata-wata. Tsinken yakan maƙale, saboda haka ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa ka ga ya motsa.

Sa tabarau da safar hannu. Goge saman batir kafin ka buɗe, kada ƙura ta faɗa. Da yamma ake ƙarawa, bayan ya cika, domin ruwan yana kumbura idan ana caji. Wanda ya cika shi da safe zai tarar ya yi ambaliya da rana, abin da ya zube kuma ƙarfin batir ne. Zuba a hankali har tsinke ya kai kore, ka tsaya. Amma in ka leƙa ka ga farantan dalma sun fito fili, kada ka jira yamma: zuba daidai abin da zai rufe su, a yi caji, sannan ka cike.

Wajen saye ka yi hattara. In ka ce a ba ka ruwan batir, wani zai miƙo maka mai asid, wanda ake zubawa a sabon batir. Ce masa tatacce kake so, wanda ba a haɗa da komai ba. Ruwa ne kaɗai ke ƙafewa daga batir, asid ɗin yana nan, ƙara wani yana cinye farantan. Ruwan rijiya, na burtsatse da na leda duk suna da gishirin ƙasa, kuma tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa kauri ma take yi.

In tataccen ya yanke kuma kasuwa da nisa, za ka iya yin naka. Zuba ruwa a babbar tukunya, ka ajiye kwanon gilashi a tsakiya a kan wani abu da zai ɗaga shi, ka kifa murfin a juye, ka zuba ruwan sanyi ko ƙanƙara a bayansa. Tururin zai taru ya riƙa ɗiga a kwanon. Yana da jinkiri, amma ruwan mai kyau ne. In wannan ma bai samu ba, ruwan sama da aka tara a robar wanka mai tsabta a tsakar fili, bayan ruwan farko ya wanke ƙura, ya fi barin faranti a bushe. Ban da na indararo.

In ruwan batir ya taɓa fata, wanke da ruwa mai yawa. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa minti goma sha biyar, sannan a nufi asibiti.

7. Tsabtace kawunan batir

Duk wata ka duba ko wani gari fari mai ratsin kore ya taru a kan noti. Yana hana wuta wucewa, yana sa waya zafi. Cire zobe da agogo tukuna. Sifanar da ta haɗa kawuna biyu tana iya narkewa a hannunka, shi ya sa aka naɗe ta.

Bi wannan jerin kada ka juya shi: kashe inbata, yanke wutar alluna, cire wayar −, sannan ta +. Jiƙa cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa. In babu, jiƙa kanwa ka tace. Tsoma burushi ka goga, za ka ga yana kumfa yana ɗan tsuwwa, idan kumfar ta daina garin ya mutu. Murafun su kasance a rufe ruf, don ɗigon wannan ruwan a cikin batir yana kashe asid. Ɗauraye, tsane da tsumma, mayar da + sannan −, ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba, ka shafa basilin a sama. Alluna su ne na ƙarshe. Kullum kwantirola batir take fara gani kafin alluna, in aka juya tana iya ƙonewa.

8. Saitin caji da cajin daidaito

Tabbatar an zaɓa wa kwantirola nau'in batir mai ruwa, wanda da yawa ke nunawa da FLD. Ga batir ɗaya, babban caji yakan tsaya tsakanin 14.4 da 14.8, na riƙo kuma, wanda ke tsare shi bayan ya cika, 13.5 zuwa 13.8. In wurin ajiyar batir yana da zafi a rage kusan 0.03 ga kowane digiri sama da 25. Takardar da ta zo da batirinka ita ce gaba da waɗannan lambobin. Batir mai 200Ah yana son caji na kusan am 20. In allunanka ba sa kai haka, allo za ka ƙara, ba batir ba.

Batirin da ke kwana ba cikakke ba, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, kuma in ya daɗe ba ya narkewa. Maganinsa tun da wuri shi ne cajin daidaito. Bayan ya cika, zuƙi ruwan kowane ɗaki da haidiromita ka rubuta, ka mayar da ruwan inda ka ɗebo. Cikakke yakan nuna tsakanin 1.240 da 1.280, gwargwadon kamfani. Idan ɗakuna suka bambanta da 0.030 ko fiye, ko kuma an yi wata biyu zuwa uku ba a yi ba, zaɓi rana mai haske, kashe kayan gida, buɗe tagogi, tabbatar ruwa ya rufe faranti, ka sa kwantirola ta kai shi wajen 15.5 na awa biyu zuwa uku. Za ka ji yana ɓulɓula, haka ake so. Riƙa taɓa jikinsa, in ya yi zafin da ya wuce ɗumi sosai ka dakatar. In an gama ya huce, cike ruwa. Ɗakin da ya ƙi tashi bayan an yi haka sau biyu ya mutu.

Batirin da aka rufe ruf, irin su jel, ba a yi masa wannan cajin ko kusa.

9. Marka, tsawa da tafiya

A watan Agusta akan yi kwana uku rana ba ta fito sosai ba. Ranar farko a rage kaya: fitila da waya kawai. In akwai janareto, tayar da shi da sassafe ya yi awa biyu ko uku yana caji, lokacin batir ya fi karɓa, ɗan hasken yini kuma ya ƙarasa. A ja ruwa a lokacin da yake kunne. In babu janareto, kashe inbata a koma tocila har batir ya cika. Idan hadari mai tsawa ya taso, yanke wutar alluna, kuma ka tabbata mai haɗin ya kafa maka sandar ƙarfe a ƙasa ya ɗaure kayan da ita.

In za a rufe gida a yi tafiya, cike ruwa, bar shi ya cika, cire inbata, amma ka bar alluna da kwantirola a haɗe.

Mai litiyam, da batirin da ya ƙare

Na litiyam ba ya son ruwa, ba a yi masa cajin daidaito, kuma yana jure a sha kashi 80 cikin ɗari. Bolt ɗinsa yana daɗewa a wajen 13.2 ko ya kusa ƙarewa, saboda haka lambobin mataki na 3 ba nasa ba ne, kason da allonsa ke nunawa za ka bi. Zafi da ƙura da tsarin yini duk sun shafe shi. Kada a haɗa shi da mai ruwa. Haka nan ba a haɗa sabon batir da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. In za a sauya a sauya su tare.

Batirin da ya mutu kada ya zauna a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa a ƙasa, kada kuma a bar wani ya fasa shi ko ya narka dalmarsa a kusa da mutane. Gubar dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, daga dakan duwatsun zinariya da ake yi a cikin gidaje, kuma dalmar batir ita ce dai wannan dalmar. Rufe murafunsa, ɗauke shi a tsaye, ka kai wa dilan batir. Yawancinsu suna saye, ko su rage maka a kuɗin sabo.